Jan Kwaɗon Zango na Huɗu

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka karɓe wa Baba Tsani ɗamarar hawansa. Manaja da kansa ya ce ya ajiye ta a kan tebur, a gaban kowa, kamar wanda aka kama da kayan sata. Shekara ashirin da shida mutumin nan yana hawa ƙarafan sabis, saura wata uku ya yi ritaya, aka ce ya koma gida har kwamiti ya gama bincike. In suka same shi da laifi, korarsa za a yi, da takarda. Ya naɗe ɗamarar tsaf, ya ajiye, ya ce mana a tashi lafiya. Bai kalli kowa ba. Ni ma bai kalle ni ba.

Na sayi littafin nan ne don rubuta lokutan maganin Inna. Ga abin da na ɓuge da rubutawa.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Maigidan ya ce in yi masa bayani kamar ina gaban ɗalibansa na aji ɗaya, shi lissafi yake koyarwa, ba shirgin ƙarafa ba. Na ɗauko kofuna shida na jera a kan tebur.

Na ce wannan ɗakin gwaji ne na tsakiyar gari, wancan asibitin bakin gari. Sakamakon gwajin marasa lafiya ta iska yake bi, daga faranti zuwa faranti a kan ƙarafa shida. Kowane tsalle muna ce masa zango. Siginar siririya ce kamar zare, ruwan sama na raunana ta, ganye ma na iya tare ta. Amma sirantakar ita ce kariyarta ta farko, sai wanda ya tsaya daidai kan layin zai kama ta. Kariya ta biyu kulle ne. Duk saƙo a cakuɗe yake tafiya, wanda ya kama shi ba makulli, shirme ya kama.

Sai na sa gwangwanin madara tsakanin kofi na huɗu da na biyar. Na ce wannan sabon benen ne da ya tashi ya tare mana hanya a zango na huɗu. Baba ya hau, ya duba, ya karkata farantin ya buga siginar a jikin wani ƙaton tankin ruwa na ƙarfe, ta yi tsalle ta sauka inda ake so. Ranar har tafi muka yi masa, Manaja ya wuni yana ba baƙi labari kamar shi ya hau. Yanzu ƙwararren da aka ɗauko ya ce tankin yana watsa siginar kan tagogin wani gidan haya da ke tsallaken titi, kuma wani ya zauna a ɗaya daga cikin ɗakunan yana kwasa. Ko wane ne, ko don me, ba wanda ya sani. An tarar da ɗakin a share. Abin da aka sani, mutane sun fara jin ciwonsu a bakin waɗanda ba su faɗa wa ba.

Maigidan ya daɗe yana kallon kofunan. Ya ce, "To ai kin ce akwai kulle."

Na ce masa shayinsa na hucewa.

Laraba, 8 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Akwai ƙusa a bayan ƙofar ɗakin aikinmu, a jikinta ake rataye wani ɗan kwaɗo da aka shafa wa jan fenti. Ba ya kulle komai, makullinsa ma ya ɓace tun ban zo ba. Dokar Baba ce. In ana saita faranti, shi yana sama, ni ina gaban kwamfuta da oba-oba ina cewa dama kaɗan, tsaya, ka wuce, dawo. Akwatin da ke bayan farantin ba ya nuna ainihin ƙarfin sigina sai an sa shi a yanayin gwaji, yanayin gwaji kuwa cire kulle yake yi. Saboda haka duk wanda ya cire wa zango kulle, sai ya ɗauko kwaɗon ya ajiye a gabansa. Ba ya tafiya gida sai ya mayar da kullen, sannan ya mayar da kwaɗon kan ƙusa da hannunsa. Ranar da na fara aiki na yi wa abin dariya, na ce mu da muke da kwamfuta. Baba ya ce, "Kwamfuta ba ta jin kunya, Injiniya. Mutum ke ji."

Wanda ke kan ƙusar yanzu sabo ne, fentinsa ma bai gama daina wari ba.

Tsohon yana aljihun ciki na jakata, tare da katin asibitin Inna.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na duba zango na huɗu. A kulle yake.

Juma'a, 10 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ranar da muka saita farantin nan ce Inna ta faɗi a banɗaki. Na daɗe ban yarda na haɗa abubuwan biyu a jimla ɗaya ba. Baba yana kan saukowa maƙwabciya ta kira, ta ce in zo, ƙugun Inna. Na share duk abin da ke kan teburina cikin jaka da hannu ɗaya, waya, makullan mota, biro, komai. Sati biyu da 'yan kai na yi a asibiti ina jinya.

Washegari Baba ya kira ni. Ya yi mini ya mai jiki, ya yi addu'a, sannan ya ce bai ga kwaɗo a kan ƙusa ba. Ina tsaye a baranda ina jiran likitan ƙashi. Na ba shi amsa a gajarce, amsar da na yi imani da ita a lokacin. Ya ce, "To shi ke nan, tunda kin faɗa."

Ranar da labari ya fashe na duba zango na huɗu ni kaɗai. Abin da na gani na gyara shi cikin daƙiƙa goma. Kwana goma sha tara ba kulle, daƙiƙa goma. Ƙwararren ya zo bayan kwana biyu, ya tarar da komai a kulle, ya rubuta cewa lalle mai sauraren fasa kullen ya yi. Na karanta na yi shiru. Kullen nan ba a fasa shi a ɗakin haya, ko da mutum zai shekara ɗari a zaune.

Asabar, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Inna tana kwance a ɗakin yara, ƙafa ba ta motsi amma ido ba abin da ke wuce shi. Ta ce, "Ke wai jakar nan jaririya ce? Har madafa kike shiga da ita." Na ce takardun ofis ne a ciki. Ta ce, "Uhm. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as." Ta juya ta ce in gyara mata matashi.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Manaja ya tara mu. Za a cire akwatin zango na huɗu a sa sabo, za a kafa ƙarin ƙarfe a kauce wa tankin, za a rage ƙarfin sigina yadda ba za ta fantsama ba. Duk daidai ne, wasu ma ni na ba da shawarar. Tsohon akwatin kuma a goge shi tas ranar Alhamis 23 ga wata, ranar zaman kwamiti na ƙarshe, a mayar wa masu shi. Ya ce, "Injiniya, ke za ki goge, ke ce kika san cikinsa."

A cikinsa akwai rajista. Duk wanda ya cire kulle, duk wanda ya mayar, da suna da rana da minti. Ba wanda ya nemi ganinta. Kwamitin tsofaffin ma'aikatan ofis ne uku, abin da suka gane shi ne hoto, tanki ga taga, kibiya a tsakani, sa hannun Baba a ƙasan takardar saiti.

Na ce to.

Talata, 14 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na je asibitin bakin gari duba na'urarsu. A bencin ƙofa akwai wata mata mai koren mayafi. Mai gadi ya ce kullum sai ta zo. Ita ke dafa wa yara abinci a wata makaranta, iyaye suka ji abin da ke cikin takardar gwajinta tun ita ba ta karɓa ba, aka sallame ta. Ba ta faɗa da kowa. Duk wanda ya fito da kati a wuya sai ta miƙe ta ce, "Don Allah wa ya faɗa?"

Ni ma akwai kati a wuyana. Na ce mata ni mai gyara ce. Ta ce, "Allah ya taimaka, 'yar'uwa," ta koma ta zauna.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Yau haushi nake ji, kuma zan rubuta shi. Sau biyu na rubuta wa Manaja cewa a sa ƙararrawa da za ta yi ta kuka in zango ya wuce awa ɗaya ba kulle. Sau biyu ya ce sai shekara mai zuwa. Wanda ya gina bene bai tambayi kowa ba. Masu ƙera akwatin da ke cire kulle don ya nuna sigina, Allah ya shirye su. Shi kuma mara kunyar da ya kama ɗaki don ya saurari ciwon mutane yana can yana barcinsa. Me ya sa sai ni? Uwata ce ta faɗi. Wa zai tsaya danna madanni uwarsa na ƙasa?

Na karanta abin da na rubuta. Duk gaskiya ne, kuma ba ɗaya da zai mayar wa Baba ɗamararsa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina ta hango na jama'a.

Alhamis, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na duba zango na huɗu sau uku. A kulle yake. Saura sati.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je gaida Baba. Ban same shi a ƙasa ba, yana kan rufin maƙwabci yana gyara eriyar talabijin. Matarsa ta ce, "Kin gan shi nan, 'yata. Ya gama da rufin layin nan kaf, har wanda bai lalace ba. Mutumin da aka ce ya huta." Ya sauko yana huci, ya ce ƙasa ce ke sa masa jiri.

Muka zauna a tsakar gida. Ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya tambayi ko an ɗaure wayar ƙarfe na biyu da iska ke kaɗawa. Ya rame. Kafaɗarsa inda ɗamara ke zama kamar ta faɗa.

Na ce, "Baba, rannan da ka kira ni ina asibiti."

Ya ce, "Ni na kira ki?"

Na ce, "Ka kira. Ka tambaye ni kwaɗo."

Ya ce, "Ban tuna ba. Tsufa ne." Ya ɗauki buta ya mayar da ita wani wurin, ba dalili. Sannan ya ce, "Ji nan, Injiniya. Ni na karkata faranti, hannuna ne a takarda. Ni tafiyata ta zo ƙarshe, ko da biki ko ba biki. Ke kuwa yanzu kika fara, ga tsohuwa a kwance, ga yara. Shekara nawa aka yi kafin a ba mace teburin nan? Ki goge abin da aka ce ki goge."

Ban san ya san zancen gogewar ba. Ashe har rajistar ya sani.

Na ce, "Za su rubuta maka laifi."

Ya ce, "Takarda ce. Ƙarafan sun san ni."

Ya raka ni har mota yana ba ni labarin wata shamuwa da ta taɓa yin sheƙa a farantin ƙarfe na biyar. Na yi dariya inda ya kamata. Da na sha kwana na tsaya na yi kuka, har mai shago ya leƙo ya tambaya ko mota ce ta mutu.

Lahadi, 19 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ya yafe mini, ya kuma ba ni izini. To me ya rage? Na ɗauka zan ji sauƙi, sai na ji jakar ta ƙara nauyi.

Litinin, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An kawo mini rahoton kwamiti in sa hannu a matsayin mai tabbatar da ɓangaren fasaha. Shafi na uku, layi na biyar: "sakaci da ganganci na ma'aikacin hawa." Ko sunansa ba su rubuta daidai ba. Mutumin da bai taɓa barin ƙusa ɗaya a kwance ba, wanda in ya sauko ya yi shakka sai ya sake hawa mita arba'in ya taɓa da hannunsa. Sau ɗaya tak ya yarda da baki bai taɓa da hannu ba, bakin kuma nawa ne.

Na ce birona ya ƙare, zan kawo ranar Alhamis.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na faɗa wa maigidan. Ban jera kofuna ba, na ciro kwaɗon na ajiye masa a gaba. Ya ce tun ranar shayin ya gane, yana jira ne in gama lissafina. Na ce in na yi magana aikin zai iya tafiya. Ya ce, "Zai iya." Na ce Baba da kansa ya ce in goge. Ya ce, "Shi ya faɗi nasa, don shi mutumin kirki ne. Ke fa?" Na ji haushinsa ƙwarai. Na so ya ce kar in yi, ko ya ce in yi, ya ƙi cewa ko ɗaya. Malaman lissafi duk haka suke, ba sa ba da amsa.

Daga ɗakin yara Inna ta ɗaga murya, ashe ƙofa a buɗe take. Ta ce, "In don ni ce, kar ki fake da ƙuguna. Ni faɗuwa na yi, ban aike ki ba."

Laraba, 22 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Akwatin yana kan teburina. Na jona shi, tambayar ta fito: a goge duka? Na zauna ina kallonta har mai shara ta zo ta ce in ɗaga ƙafa.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ban goge ba.

Na shiga da akwatin a hannu, da rajistar a buge shafi biyu, na ja layi a ƙarƙashin wurare biyu. Baba yana zaune a ƙarshen tebur da rigarsa ta fita kunya. Na ajiye kwaɗon a tsakiya. Shugaban kwamiti ya ce mene ne wannan, na ce zan yi bayani. Na ce karkata faranti bai fitar da sirrin kowa ba, da kullen na nan da mai sauraren shirme ya kwasa. Na ce ni na cire kullen, ni na manta, aka tambaye ni na ce na mayar ban duba ba, da na gano na rufe na yi shiru, kuma shirun ya fi mantuwar muni.

Manaja ya yi ta share gilashinsa. Baba ya buga tebur ya ce, "Wa ya aike ki?" Shugaban ya ce a yi haƙuri, dattijo. Baba ya tashi ya fita, bai kalle ni ba.

An dakatar da ni daga yau, sai abin da suka yanke. Na miƙa katin wuyana. Jakar ba nauyi, har na riƙa dubawa ko na yar da wani abu.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je bencin. Na zauna kusa da mai koren mayafi na faɗa mata iya abin da na sani: wanda ya saurara ban san shi ba, amma ni na bar ƙofar a buɗe. Ta daɗe tana kallona. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ce, "Duk ginin nan ke kaɗai ce kika zauna." Ta tambayi ko zan faɗi haka a gaban masu makarantar. Na ce zan faɗa. Mun sa Talata.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe goma na safe

Hannuna ya kai ga kwamfuta in duba zango na huɗu. Ba ni da izinin shiga yanzu. Na ba Inna maganinta a kan lokaci, karo na farko a watan nan.

Alhamis, 30 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Baba ya zo, daga wurin aiki kai tsaye, ɗamarar a kafaɗa, ko ajiyewa a mota bai yi ba. An wanke shi da takarda, kuma wannan karon sun rubuta sunan daidai. Ya shiga ya gaida Inna, suka yi ta hirar ƙashi da tsufa. Da ya fito ya ƙi zama.

Ya ce har yanzu yana fushi da ni. Ya ce sabon da aka zaunar a teburina bai san dama da hagu ba, jiya ya sa shi juya faranti har wuyansa ya ƙage. Ya ce an sa ƙararrawar da nake ta roƙo, Manaja yana ba baƙi labari kamar shi ya ƙirƙiro. Ya ce, "Rannan da kika ce kin kulle, kina jinya, hankalinki ba ya jikinki. Ni ya kamata in sa a duba. Ba rufa miki asiri kaɗai nake yi ba, nawa rabon nake ɗauka, kika zo kika ƙwace."

Na ce ban san ko za su mayar da ni ba. Ya ce shi ma bai sani ba, amma ya rubuta musu shafi huɗu, matarsa ta ce ko lokacin neman aurenta bai rubuta haka ba.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro kwaɗon, tsohon, mai fenti a goge. Kwamiti ba su san abin da za su yi da shi ba, suka ba shi. Na ce ya kai ya rataye. Ya kama hannuna ya sa mini shi a tafi.

Ya ce, "Ba na karɓar saƙo, Injiniya. Wanda ya ɗauko shi ke mayarwa da hannunsa. Na cire sabon na jefa a durowa. Ƙusar na nan ba komai, kuma na gaya musu kar wanda ya rataya ko hula."